Rigar Yayata a Bangon Xela

Ku yi mini haƙuri da shirun kwana tara da na yi muku. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa in na bari Anselmo ya kuɓuce mini, ita za ta hau jirgi ta zo ta ɗauke shi. 'Yar'uwa, ki ɗan dakata da sayen tikiti, ki karanta wannan tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, bari in jera muku abin yadda nake jera wa 'yan ajina. Sunana Herlinda, shekarata ashirin da shida, ina koyar da 'yan aji uku a firamaren San Bartolo Las Nubes. Bara, a ƙarshen damina, dutsen da ke bayan unguwar sama ya zafto da sassafe ya binne gidaje talatin da ɗaya. Yayata Candelaria tana cikin waɗanda suka tafi. Anselmo Barrios mai ɗaukar hoto ne daga birnin Xela. Ya zo garinmu a ranar da kyamara a wuya, daga baya ya ajiye ta ya ɗauki shebur, ya yi kwana uku yana tono tare da mazanmu. Bayan wata guda ya ƙwanƙwasa ƙofarmu, tun daga nan kuma bai daina zuwa ba. An tsayar da Lahadi iyayensa su zo neman aurena. Asabar kuwa, ranar da abin ya cika shekara, zai buɗe baje kolin hotunan zaftarewar a wani zaure a Xela, har ya kama bas guda da zai kwashi mutanen garinmu bayan an tashi daga coci.

Saura abu ɗaya, wanda ban taɓa gaya muku ba. Mama ba ta ga gawar Yaya ba. Da ta ji ƙarar dutsen sai ta ruga sama, ragowar laka ta gangaro ta karya mata ƙafa, ta yi mako uku a asibiti, aka yi jana'iza ba ta nan. Ni na je na gane gawar. Da Mama ta tambaye ni yadda aka same ta, na ce a kan gadonta, lulluɓe da bargo, kamar mai barci. Ni da nake tsayar da yaro a gaban allo saboda ya ce kare ya cinye littafinsa, ni na faɗi wannan, kuma na maimaita shi ya fi sau hamsin.

To, ranar Alhamis da safe na tashi zuciyata ba ta zauna wuri ɗaya ba. Na sa ɗamarata na kwance, na sake sawa. Na zuba kofi na manta shi a kan taga. Mama tana baranda tun da wuri, ta ɗaure masaƙa a jikin ginshiƙi, ɗaya gefen a ƙugunta, ta miƙe ƙafar da ta karye a kan ɗan matashi. Mayafi take saƙawa, ja da shuɗi mai duhu, wanda za a rufe kwandon da za mu mayar wa dangin Anselmo ranar Lahadi. Saura tsawon hannu ɗaya ta gama. Goggo Chabela, ƙanwar marigayi Baba, tana gaban kasko tana tafa tortiya, wainarmu ta masara, tana tafa ni da baki.

Ta ce wa Mama, "Dube ta don Allah, Petrona. Amaryar da ake shirin kawo wa kwando shida na burodi, ta tashi da fuska kamar an aike ta sayen magani."

"Goggo, ban yi barci sosai ba ne."

"Barci kuma? Ni da aka zo neman aurena, kwando biyu aka kawo, ɗaya ma rabinsa ganye ne, amma sai da na kwana uku ina dariya. Ke an samo miki mai mota, mai haƙora cikakku."

Mama ta yi murmushi ba ta ɗaga kai ba. "Bar ta, Chabela. Yaron nan ko da ƙafa yake tafiya na ba shi. Wanda ya tona laka da hannunsa saboda 'ya'yan wasu, ba sai an tambayi asalinsa ba."

"Kuma kar ki manta, hotunansa ne suka kawo kwanon rufin nan da kike kwana a ƙarƙashinsa," in ji Goggo, tana nuna ni da tortiya. "Ranar Lahadi in an tambaye ki, ki sunkuyar da kai ki ce to. Ban da dogon bayanin malamai."

A kan gadon Mama an shimfiɗa wipil ɗinta na biki, rigar saƙa mai jan wuya da ba ta sa ba tun rasuwar Yaya. Da ita za ta je Xela ranar Asabar. Ta goge takalminta, ta sa an wanke sandarta.

Wayata ta yi ƙara. Anselmo ne.

"Malama, kin tashi lafiya? Yau muke rataye hotunan. Hannuna duk ƙusa."

Na rubuta: "Har da babban?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigon nan uku suna rawa. Sai ga amsa: "Har da shi. Ki bari sai Asabar. Ki gaida Mama."

Hotuna arba'in zai rataye. Talatin da tara ya nuna mini su a kan teburinmu, ɗaya bayan ɗaya: cocin unguwar sama da laka ta kai wa taga, maza a layi suna miƙa bokiti, tukunya a kan reshen bishiya. Na arba'in ɗin kullum sai ya ce ba a gama wanke shi ba, ko ya canja magana. Wata goma sha ɗaya ke nan. Na san fuskar yaron da ya ɓoye abu a aljihu, aikina ne.

Da aka tashi makaranta ban koma gida ba. Tun da safe Mama ta ba ni tamal shida, dafaffen ƙullin masara a naɗe cikin ganye, in kai wa wata ƙawarta, sai na wuce da su tasha na hau bas ɗin Xela. Sa'a ɗaya da rabi ina matse tsakanin wata tsohuwa mai kwandon albasa da taga wadda ba ta rufuwa. Sau biyu na yi niyyar sauka in koma. Na ce wa kaina, Herlinda, mutumin nan bai taɓa ɗaga miki murya ba, me kike nema? Amma ban sauka ba.

Zauren tsohon gida ne mai farin bango da katakon ƙasa mai ƙara. Ƙofa a buɗe take. Anselmo yana kan tsani ya juya mini baya, fensir a bayan kunne, sanye da rigar nan tasa mai aljihu da yawa da Goggo ke cewa ta masu kamun kifi ce. Ban kira shi ba, domin na riga na ga bangon ƙarshe.

Hoton ya fi ƙofar ajinmu girma. Mace ce kwance rub da ciki a gangare, laka ta rufe mata kai da rabin baya. Hannunta na dama ya damƙe gindin bishiyar kofi. Laka ta janye mata zani har sama da gwiwa, ƙafafunta a waje, ɗaya da takalmi ɗaya babu. A kafaɗarta, inda ruwan sama ya wanke, jerin tsuntsayen saƙa sun fito tas. Tara masu jar wutsiya, uku na ƙarshe masu koriya.

Ina nan lokacin da aka saƙa su. Wani mako ne da hanya ta rufe, shekarun baya, jan zare ya ƙare wa Mama, ta ce ba za ta jira ba, ta ƙarasa da kore. Shekara huɗu matan kasuwa suna tsokanar Yaya da "mai koriyar wutsiya", ita kuma tana juya musu kafaɗa tana cewa su je su saƙa irinta in sun isa.

A ƙarƙashin hoton an manna 'yar takarda: "Wata mace, ba a san ko wacece ba."

Ledar tamal ta faɗi daga hannuna. Ya juyo, ya gan ni, ya sauko a hankali kamar tsanin zai karye.

"Herlinda."

"Karanta mini takardar nan."

"Zauna tukuna, bari in kawo miki ruwa."

"Na iya karatu, Anselmo, ni nake koyar da shi. So nake in ji da bakinka."

Bai karanta ba. Ya cire fensirin daga kunnensa yana juya shi. "Babu fuska. Na duba sau ɗari, babu ko gefen fuska. Ba wanda zai gane ta."

Na yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. "Ba wanda zai gane ta? Fita nan ka kira matar da ke sayar maka da tumatur, ta kalli wuyan rigar nan za ta gaya maka garinmu. Ka kawo kowace mace daga San Bartolo, ta kalli tsuntsayen za ta gaya maka gidanmu, da hannun da ya saƙa, da makon da aka saƙa. Ku fuska kuke kallo. Mu da riga muke gane mutum tun daga ƙarshen layi. Kuma bas guda ka kama ka cika da su, Mama a kujerar gaba."

Na ga maganar ta shige shi. Amma ba mamakin jin cewa Yaya ce ya yi ba, wannan na lura da shi, kuma shi ya fi ƙona ni.

"Ka san ita ce."

Ya mayar da fensirin bayan kunne.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko da na shigo gidanku." Ya zauna a kan matakin tsani. "Ba zance na zo ba ranar, Herlinda. Da ƙaramin hoton na zo a ambulan, ina bi gida gida ina neman danginta in nemi izini. Wata mata ta kalla ta nuna mini ƙofarku. Na shiga na ga hotonta a bango da rigar, kyandir a gabansa. Mama ta ba ni kunun masara, ta ce mini Allah ya yi wa 'yarta sauƙi, a barci ta tafi, lulluɓe da bargo. Ta juya ta ce, ko ba haka ba Herlinda? Kika ce haka ne. Kina kallon ƙasa. Sai na mayar da ambulan aljihu."

"Wato wata mata ta gane ta daga ɗan ƙaramin hoto, amma ka zauna ka gaya wa kanka ba wanda zai gane ta a wanda ya kai ƙofa."

"Na ɗauka maƙwabciyarta ce shi ya sa."

"Ka ɗauki abin da ya yi maka daɗi."

Ya miƙe. "To ji nawa. Kin san ana maganar a bar mutane su koma unguwar sama su sake gini? Kin san su waye za su shigo nan ranar Asabar? Masu sa hannu a takardar izinin komawar. Na nuna musu hoton coci, sun ce kai, abin tausayi, suka ci gaba da shan kofi. Tukunya a bishiya ba ta hana kowa barci. Wannan ne kaɗai in mutum ya gani yake ajiye kofin. Yaranki na aji uku, nawa ne iyayensu ke shirin komawa can?"

Bakwai. Na san sunayensu, na san inda kowanne ke zama a aji. Ban faɗa masa ba.

"Ba don suna nake yi ba," in ji shi.

"Sunanka ne a ƙofa da manyan baƙaƙe. Nata ne babu."

"Don in kare ku na cire."

"Wa ya rufe ta?"

"Me?"

"A ranar. Da ka same ta haka, ƙafafunta a waje. Wa ya rufe ta?"

"Ni. Da rigata ta sama."

"Kafin ka danna kyamara ko bayan ka danna?"

Ya kalli katakon ƙasa. "Bayan."

"Sau nawa ka danna?"

"Herlinda, don Allah."

"Sau nawa?"

"Huɗu."

Yaya mace ce da ko kogi za ta tsallaka ba ta ɗaga zani ya wuce idon sawu, gara ya jiƙe. Mijinta yana can wata ƙasa ta arewa yana aiki shekara biyar, ba wanda ya taɓa jin an ce ga abin da ta yi. Na tsaya ina lissafa daƙiƙun da danna huɗu ke ci, na kasa.

Ya matso, muryarsa ta yi ƙasa. "Na yi laifi da ban gaya miki ba. Amma ke ma kin zaɓa wa Mama hoton da za ta gani. Ba ki tambaye ta ba."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi, domin gaskiya ya faɗa. Na durƙusa na tsince tamal ɗin da suka watse, na jera su a kan kujera ɗaya bayan ɗaya, saboda hannuna yana bukatar abin yi.

"Ka sauke shi."

"Ki ba ni zuwa gobe. In yi magana da mai zauren."

"Wurin mai zauren za ka nemi izini ke nan, ba wurinmu ba."

Na fita. Ya biyo ni har bakin titi yana kiran "Malama, Malama," ban juya ba.

A bas na shirya jawabina kamar darasi. Na farko, zan ce wa Mama ƙafarta ba za ta jure tafiyar Asabar ba. Na biyu, in ta ƙi, zan ce an ɗage bikin. Na uku, na ji kunyar kaina, domin duka biyun ƙarya ce a kan ƙarya. Saƙonninsa suna ta shigowa. "Ki ɗauka." "Ban san mai zauren ta riga ta tura katin gayyata ba." "Herlinda ki ɗauka, da hoton ta haɗa." Ban gama fahimtar na ƙarshen ba sai ga na Goggo, ita da ba ta rubutu sai saƙon murya, yau ta rubuta: "Kina ina. Dawo gida yanzu."

Rana tana gab da faɗuwa na iso. Mata uku na ƙungiyar coci suna fitowa daga gidanmu, suka gaishe ni ba su haɗa ido da ni ba. Kasko ya huce, ba a kunna wuta ba. Goggo tana tsaye a ƙofar kicin ta rufe baki da gefen mayafinta, idonta jajir. Ta raɗa mini: "Katin gayyatar ne ya shigo wayoyin 'yan ƙungiya. An yanko kafaɗar kawai, don kyan saƙar wai. Kafin in ɓoye ta karɓa."

Mama tana inda na bar ta da safe, masaƙa a ƙugu, wayar Goggo a cinyarta. Ta sa yatsa biyu ta buɗe hoton har tsuntsayen uku suka cika fuskar wayar. A gefensu ana ganin laka, da yatsun hannu a jikin itace.

Na durƙusa a gabanta. "Mama."

"Wannan ba gado ba ne," in ji ta. Muryarta lafiya lau, kamar tana gyara wa mai koyon saƙa kuskure. "Kuma ban ga bargo ba."

"Ki yafe mini. Na ga kina kwance da ƙafa a rataye, na kasa."

"Gudu take yi?"

"Eh."

"Ta kusa fita?"

"Saura kaɗan ta kai hanya."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ita ce mai saurin cikinku." Ta shafa wayar da babban yatsa. "Kin je kin gani?"

"Na gani."

"Duka jikinta?"

"Ban da fuska."

"A rufe take?"

Na buɗe baki, tsohuwar ƙaryar ta zo har kan harshena, ta saba hanya. Na haɗiye ta. "A'a, Mama. Zanin ya janye."

Goggo ta fashe. "Wallahi ko kwando ɗari suka kawo, a kan titi za su ci burodinsu! Ɗan birni mai fuska biyu! Ni da na dinga cika masa faranti!"

"Chabela, yi shiru. Yau da safe ke ce mai ƙirga masa haƙora." Mama ta juyo gare ni. "Me ya ce dalilinsa?"

Na gaya mata duka, ban rage ba ban ƙara ba: ambulan ɗin, masu sa hannu, unguwar sama, yara bakwai, danna huɗu, rigarsa da ya rufe ta da ita, da takardar da ta ce ba a san ko wacece ba. A nan ne kawai fuskarta ta motsa.

"Ba a san ko wacece ba," ta maimaita.

Ta daɗe tana kallon mayafin da ke miƙe tsakaninta da ginshiƙi, ja da shuɗi, saura tsawon hannu ɗaya. Sai ta ce, "Miƙo mini almakashi."

"Petrona, na kwandon Lahadi ne fa!" in ji Goggo. "Wata biyu kina kansa!"

"Lahadi tana da sauran kwana uku. 'Yata shekara guda take kwance a buɗe."

Na miƙa mata. Ta yanke zaren daga sama, layi ɗaya, ba ta yi gaggawa ba, ta ƙulla bakin don kada ya warware. Ta ninke mayafin gida huɗu ta ɗora a kan wipil ɗinta na biki. Sannan ta kama sandarta ta miƙe, ta ƙi hannun da na ba ta.

"Mama, kina so in ce ya sauke hoton?"

"Ban ce ba tukuna. Sai na gan ta da idona. In masu sa hannun suna son ganin abin da dutse ya yi, su zo su tambayi uwarta, in na ga dama in ɗaga musu gefen mayafin, in gaya musu sunanta." Ta nuna wayata da ke ta haske a hannuna, sunansa yana bayyana yana ɓacewa. "Ɗauki. Ki ce masa ba Asabar zan zo ba, gobe ne, bas ɗin farko."

"Sai me kuma?"

"Ki ce ya bar tsanin a wurin."